Yashin Rafi

Wanda bai san wurin ba, in ya bi ta can yau, sai ya rantse ba a taɓa hura wuta a nan ba. Ba gida, ba kango, ko rabin katanga babu. Sai layin harsashin gini a ƙasa da ciyawa ta bi ta kai, da tafkuna uku masu koren ruwa a inda ramukan kuza suke a da. Baƙi sukan tambaya ko yaƙi aka yi, ko ambaliya. Ba ko ɗaya. Mutanen garin ne suka rushe gidajensu da hannunsu, suka daka, suka wanke a kwano, suka sayar. Gari guda aka wanke, wallahi, kamar shinkafa. Gidajen nan kuwa duk mutum ɗaya ya gina su, shi ne wanda ake kira Magini.

Yana saurayi ya zo, cikin masu neman aikin haƙa a kamfanin kuza. Kwana tara ya yi a rami yana ɗaukar ƙasa a ka. A na goma shugaban leburori ya tarar da shi ya jera duwatsu a bakin ramin don kada ƙasa ta zubo wa mutane, jerin ya miƙe samɓal. Aka fitar da shi daga rami, aka ba shi cokalin gini da igiya da injin buga bulo na hannu. Daga ranar sunansa na yanka ya bi ruwa, har takardar asibiti Magini aka rubuta.

Kamfanin bai ga dalilin sayen yashi ba, tunda ga tsibi-tsibi na baƙin yashi a bayan rumfar wanki, wanda ake zubarwa bayan an cire kuza. Da shi aka ce ya buga bulo. Siminti kuwa ana ba shi kamar gishiri a miya, kullum sai sun yi kaca-kaca da mai sito. A haka ya gina layi shida, da shago, da ɗakin shan magani, da aji biyu na makaranta. Ginin ya tsaya, ba a taɓa jin bangonsa ya tsage ba. Aibinsa ɗaya: da damina baƙin yashin nan sai ya riƙa tsattsafo wani ruwa mai kalar tsatsa, ya bi farar ƙasa ya ɓata. In ka jingina da farar riga, ta gama aiki.

Ba mutum ne mai fara'a ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Bakinsa ya fi cokalinsa kaifi. Da la'asar yakan bi layi yana ƙwanƙwasa bangon mutane da bayan yatsa, sai ka ce shi ne mai garin. In ya ga mace tana buga ƙusa don ta rataye igiyar shanya, ranar ta shiga uku.

"Me bangon ya yi miki? Kin san kwana nawa na yi a kansa?"

"Gidanka ne, Magini?"

"Ba gidana ba ne, amma ginina ne."

Wannan mutum mai tsamin rai shi ne ya ga 'yar mai injin ruwa, ya susuce. Wata rana suna hira a ƙofar gidansu ta nuna masa bayan zanenta da bango ya yi wa tabo, ta ce cikin wasa ita kam ba za ta auri magini ba, tunda ɗakunansu kuka suke yi. Ita ta manta da maganar kafin a kwana. Shi kuwa ya roƙi fili a ƙarshen layi na shida, ya ari jaki, ya shiga zuwa rafi duk ranar hutu. Rafin nan tafiyar rabin yini ne. Rani guda ya yi yana ɗebo farin yashi, ya tankaɗe shi, ya sayi siminti da guminsa ya zuba ba rowa, ya danna kowane bulo har sai da kafaɗarsa ta amsa. Ɗaki biyu ya gina, da madafa da ban-ɗaki a manne da bayansu, duk da yashin rafi. Da aka zo kan katanga, jakin ya gaji da soyayyar da ba tasa ba, ya kwanta ya mutu. Dole katangar aka yi ta da baƙin yashi kamar ta kowa.

Matan layi suka samu abin tsokana. Wace ce wannan da baƙin yashi bai isa ya taɓa zanenta ba? Ai sai Gimbiya. Sunan ya bi ta har tsufa, har ya zama yaran da aka haifa daga baya suna kiranta Gimbiya ba su san dalili ba. Ta haifi huɗu, biyu suka rayu: mace ta yi aure nesa, namijin ya koyi tuƙi ya tafi birni, kowa ya koma kiransa Direba, har ubansa.

Sai kamfani ya tattara nasa ya nasa. Wata safiya aka ji jiniyar fara aiki ba ta yi kuka ba, shi ke nan. Manyan motoci suka kwashe injina, ruwa ya cika ramuka, masu ƙarfi suka watse neman abinci. Aka bar tsofaffi, da matan da ramin ya cinye wa maza, da 'yan tsirarun da suke tono da kansu a gefen tafki. Waɗanda suka ga jakin nan da idonsu suka riƙa raguwa, wasu ƙasa ta rufe, wasu mota ta ɗauke.

A shekarun nan ne idon Gimbiya ya fara hazo. Ta fara da kasa zura zare a allura, ta ƙare ba ta bambance rana da inuwa. Ranar da ta yi karo da randa ta fasa, ta zauna cikin ruwan tana kuka, ba don randar ba. Ta ce ita abin da take tsoro a duniya shi ne ranar da za ta ce wa wani ya kama hannunta ya kai ta ban-ɗaki, ya tsaya yana jiranta. Ta ce gara ta mutu.

Magini bai ce mata ta yi haƙuri ba, bai iya wannan ba. Washegari ya kwaɓa siminti, ya sa ta tsaya ta miƙa hannu, ya auna daidai inda yatsunta suka taɓa bango. Daga nan ya ja wani siririn tudu, kaurin yatsa biyu, tun daga bakin gado, ya bi bangon ɗaki, ya fita ƙofa, ya zaga baya. Ya sa ɗan ƙulli ɗaya a inda ƙofa take, biyu a madafa, uku a ban-ɗaki. Da ya bushe ya goge shi da dutse har ya yi santsi.

"Tashi ki bi, Gimbiya. In kika ɓata, ni ba magini ba ne."

Ta bi, ba ta ɓata ba. Shekara goma sha ɗaya tana bin tudun nan, har hannunta ya mayar da shi baƙi yana sheƙi. Tana girki, tana shara, tana wanke-wanke. In baƙuwa ta yi mata jaje sai ta ce, "Ni da nake gani da bango? Ki je ki tambaya ko na taɓa cewa wani ya kai ni bayan gida." Wannan shi ne abin alfaharinta, shi ne kuma nasa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Ana nan sai ga wani mutum da mota da sikeli, ya kafa rumfa a inda shagon kamfani yake a da. Ba kuza yake nema ba, baƙin yashin da aka yi shekaru ana zubarwa yake so. Ya ce akwai wani abu a cikinsa da masu injina ke nema yanzu, a wanke masa, ya sayi mai nauyin da ya kwanta a gindin kwano. Mutanen da yunwa ta gasa suka faɗa wa tsibin nan ba ji ba gani. Kafin shekara ta zagayo sun share su tas, inda tudu yake ya zama fili.

Da damina ta zo, bangon madafar wata bazawara a layi na biyu ya zube, don jinka ta daɗe da yaye. Tana kwashe ɓaraguzai ta ga baƙin abu yana ƙyalli a cikin bulo. Ta daka a turmi, ta kai tafki ta wanke, ta kai wa Mai Sikeli. Da yamma aka gan ta da sabon takalmi. To, ka ji inda garin ya mutu.

Da gidajen da ba kowa aka fara. Sai makaranta, sai ɗakin shan magani. Daga nan mutum ya rushe madafarsa, ya rushe ɗakin baƙi, ya tattara iyalinsa a ɗaki ɗaya, in abin ya ƙare ya rushe wannan ma ya hau mota. Tun safe ba abin da kake ji sai guduma. Magini yana zaune a ƙofar gidansa yana kallon aikin rayuwarsa ana kai shi tafki a buhu. Abin da ya fi ci masa rai, godiya suke yi masa. Mutum zai wuce da buhu a ka, baki har kunne, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Magini, ashe asusu ka gina mana!" Sai ya juyar da kai ya tofar da yawu. Ya daina amsa gaisuwa, ya daina bin layi, don layin ma babu.

Labari ya kai birni, sai ga Direba. An sallame shi daga aikin mota, matarsa na da tsohon ciki, ya rame, takalminsa ya ci rabi. Ya kwana biyu yana zagaya gidan yana shafa katanga kafin ya buɗe baki.

"Baba, kowa ya ci rabonsa, mu muna zaune a kan namu."

"Gida ne, ba rabo ba."

"Ba ɗaki na ce ba, katanga kawai. Wa kuke ɓoye wa? Maƙwabtan ma sun tafi."

Magini ya ƙeƙasa ƙasa. Gimbiya ce ta sa baki, da ɗan ya fita. "Malam, ba shi katangar nan. Ɗanka ne, ba ka ji muryarsa ba? Yunwa ce a cikinta. Ni ba katanga nake bi ba."

Ya ba shi. Kuskurensa ke nan, kuma har ya koma ga Allah bai yafe wa kansa ba. Katangar nan da yashin tsibi mafi tsufa aka yi ta, na zamanin da injin wanki bai iya tacewa ba. Da aka wanke ta, abin da ya kwanta a kwano ya fi na kowane gida a garin, har Mai Sikeli ya taso da kansa ya zo kallo. Direba ya tsaya yana duban ɗakunan nan biyu, farare tas, ba tabo ko ɗaya, idonsa ya sauya.

"In katanga ta ba da wannan, ɗakin fa?"

"Babu komai a ɗakin. Yashin rafi ne."

"Wane rafi, Baba? Rafi yana ina, nan yana ina?"

"Da jaki na ɗebo, ba a haife ka ba. Tambayi uwarka."

"Inna ai abin da ka ce shi za ta ce."

Magini ya ɗauko guduma da kansa, ya ɓantari gefen bangon madafa ya miƙa masa. Direba ya daka ya wanke, ba komai sai farin yashi. Da a ce a wani gari ne, da magana ta ƙare. Amma a nan mutane sun yi shekara biyu suna auna bulo da hannu, sun haddace cewa mai nauyi shi ne mai arziki. Wani tsohon mahaƙi ya zaro bulo ɗaya daga dakalin ƙofar ɗakin, ya ɗaga, ya ce tun da aka fara rusau bai taɓa jin nauyi irin wannan ba. Magini ya ce siminti ne da danna, ba wanda ya saurare shi. Suka ja Direba gefe suna hura masa kunne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana taɓa yashin nan, shi ne bai san mai kyau ba? Ai mai kyaun ya tace wa kansa, ya shafe da farar ƙasa. Inda ya ɓantara ma faci ne, ya san inda ya sa hannu. Tsohon nan wayo gare shi, gara ya mutu a kan dukiya da ɗansa ya ci.

Tir da wannan magana! Mutumin da duk abin da ya mallaka cokali ne da igiya. Magini ya rantse, ya yi zagi, ya kori ɗan daga gidan. Daga baya ya kira shi ya kama hannunsa ya ɗora a kan tudun da ya yi baƙi, ya ce, "Ka ji wannan? Idon uwarka ne. Ko da zinariya aka yi bangon nan, ba a taɓa shi tana raye." Direba ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Ya koma birni, aka yi wata guda shiru.

Da ya dawo, da mota ya zo ta aro, da fara'a, da tsaraba. Ya ce an yi wani likitan ido a birni da yake cire yanar ido, ya ga tsohuwar da ta fi Inna daɗewa ta fito tana ƙirga yatsu. Ya riga ya karɓi kati. Kwana biyu kawai, za su sauka a gidan surukansa. Magini ya dube shi ya daɗe, zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ce ba inda za su. Sai Gimbiya ta ce a hankali, "Malam, ko inuwarka ce in gani kafin in mutu." Ina zai kai wannan? Ya kulle ɗakunan da kwaɗo, ya ja ya tabbatar, ya sa makulli a aljihu.

Kada a ce ɗan ƙarya ya yi gaba ɗaya, likitan yana nan. Ya haska idon, ya ce ba yana ba ce, jijiya ce ta mutu tun tuni, ba abin yi. Direba bai ji wannan ba, don tun da ya ajiye su a layin asibiti ya ce zai mayar da mota, bai dawo ba. A ransa, wai, in ya wanke ɗakunan zai kama musu gida a birni mai famfo, ya biya aikin ido, uban ya yi fushin kwana biyu ya huce. Kwana uku suka jira shi. A na huɗu Magini ya kama hannun matarsa suka hau motar haya.

Da azahar aka sauke su a bakin hanya. Tun daga nan ya gani, don babu sauran abin da zai tare ido. Inda gidan yake, rana ce kawai. An jingina gado da tabarma da tukwane a gindin bishiyar ƙofar gida, an kifa ƙyauren ɗaki a kansu, kwaɗon yana nan a kulle. Ya ci gaba da tafiya don tana riƙe da gefen rigarsa.

Mutanen da ɗan ya ɗauka aikin rusau sun watse tun jiya, da suka ga abin da ke fitowa. Direba kaɗai ya rage, a tsugune a bakin tafki, wandonsa ya jiƙe har cinya, tafin hannunsa ya fashe, yana juya kwano. Ya zubar, ya ɗebo, ya juya. A bayansa ga tsibi guda na farin yashi, wankakke, yana ɗaukar ido. Da ya ga uban ya miƙe, bakinsa na motsi.

"Baba, wataƙila a harsashi yake. In aka tona harsashin..."

Magini bai ko dube shi ba, ya wuce da matarsa, ɗan ya biyo bayansu.

Gimbiya ta ji inuwar bishiya a kanta, ta saki rigarsa kamar yadda ta saba, don daga nan ba ta bukatar kowa. Taku bakwai ne zuwa ƙofa. Ta yi bakwai, ta miƙa hannu. Ta ƙara ɗaya, ta sake miƙawa, tana laluben iska a daidai inda ƙulli ɗaya yake. Ƙafarta ta taka ɓaraguzai, ta tsaya cik. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa ta ɗebi abin da ke ƙasa, ta murza shi tsakanin yatsu.

"Na rafi ne," ta ce. "Ai an gaya maka, ɗan nan."

Direba ya fashe da kuka kamar yaro, ya zo ya faɗi a gabanta yana cewa ta yafe masa, zai gina wani, wallahi zai gina wanda ya fi shi. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma taɓa kansa ba. Magini yana tsaye, hannunsa a aljihu yana murza makulli. Shekararsa saba'in da wani abu, kafaɗar ta mutu, ba jaki, ba siminti, ya san ba zai ƙara ɗora bulo a kan bulo ba.

Tun asuba suke hanya, motar ba ta tsaya ko'ina ba. Ya ga tana sauya tsayuwa daga wannan ƙafa zuwa waccan, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta yi ta dauriya har ta kasa. Sai ta juyo inda take jin numfashinsa, ta miƙo hannu, ta yi ƙasa da murya don kada ɗan ya ji.

"Malam, zo ka kama ni. Ka kai ni inda zan tsuguna, ka tsaya ka tare ni."

Ya zo ya kama hannun. Ya duba gabas, ya duba yamma, duk garin babu bango ko ɗaya da za ta raɓa.